Baƙo Da Tukunyar Gida: Yadda Masu Yawon Buɗe Ido Ke Sauya Cimarmu

 Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa sun fi jin daɗin karantawa. Daga nan Unguwar Romi nake magana, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna.

Yau maganar abinci za mu yi. Tambayar ita ce, idan baƙi masu yawon buɗe ido suka yawaita zuwa wani wuri, me ke faruwa da tukunyar mutanen wurin?

Na san wani zai ce, haba ɗan'uwa, wane yawon buɗe ido kuma a Romi? Ai ba mu taɓa ganin Bature da kyamara a wuya yana zagaya layinmu ba. To, ka yi haƙuri ka saurara. Mai yawon buɗe ido ba sai Bature ba. Duk wanda ya baro garinsu ya zo naka don ya huta, ya ga wuri, ya kashe kuɗi, ya koma, shi ke nan ya shiga lissafi. Idan ka duba ta nan, za ka ga muna da su da yawa.

Akwai mutanen Abuja masu zuwa hutun ƙarshen mako, musamman tun da aka buɗe jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa a watan Yulin 2016. A 2017 ma, da aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyara, a Kaduna jirage da yawa suka riƙa sauka. Akwai masu zuwa Kajuru su ga katafaren ginin nan na dutse da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Akwai masu wucewa Kagoro bikin Afan duk ranar 1 ga Janairu, da masu zuwa Kwoi bikin Tuk Ham, da masu zuwa kallon ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Ga kasuwar baje koli ta duniya da ake ci duk shekara a hanyar Zariya. Sannan ga manyan baƙinmu, 'ya'yanmu da ƙannenmu mazauna Legas da Fatakwal da Ingila, masu dawowa gida duk Disamba ko lokacin sallah, da abokansu a biye. Da yawan waɗannan mutane ta wannan ɓangaren gari suke ratsawa. Nan suke kwana, nan suke cin abinci, nan suke sayen tsaraba.

Kafin mu je nesa, bari mu bambanta baƙi iri biyu, don nan ne gindin maganar.

Kaduna dama garin baƙi ne. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917 mutane ke kwararowa. Masaƙar Kakuri ta buɗe a 1957, matatar mai ta fara aiki a 1980, kowace ta jawo ma'aikata daga ko'ina. Shi ya sa a layi ɗaya a Romi za ka samu Gbagyi, waɗanda su ne masu ƙasar tun asali, ga Bajju, ga Atyap, ga Ham, ga Adara, ga Bahaushe, ga Ibo, ga Bayarabe, ga Tibi da Idoma. Duk waɗannan zama suka zo yi. Wanda ya zo zama da tukunyarsa yake zuwa. Matarsa za ta aiko maka da miyar agushi, taka ta aika musu da fate, a hankali kowa ya koyi na kowa, abinci ya ƙaru a unguwa.

Shi kuwa wanda ya zo yawo, bakinsa da aljihunsa kawai ya kawo. Ba zai koya maka girki ba. Zai duba abin da kake da shi, ya nuna wanda yake so, ya biya kuɗin da ya fi na ɗan gari, ya tafi. Wannan nunin da yake yi da yatsa shi ne ke sauya tukunya. Ta hanya huɗu nake ganin abin yana faruwa.

Hanya ta farko: baƙo yana zaɓe.

Ku lura da abin da baƙi ke nema idan sun zo Arewa. Kilishi, tsire, balangu, dambun nama, masa, fura da nono, ƙuli-ƙuli, zoɓo, kunun aya. Me ya haɗa su? Ko dai ana iya ƙunshe su a yi doguwar tafiya ba su lalace ba, ko ana iya cinsu a tsaye, ko kuma suna da kyau a hoto. Yanzu ku dubi waɗanda ba a cika tambaya ba. Tuwon dawa da miyar kuka, miyar karkashi, miyar riɗi, dambun tsaki, kwaɗon rama, ɗinkin, tafasa. Su waɗannan sai ka zauna, sai ka wanke hannu, kuma miyar kuka duk daɗinta ba ta iya tsayawa hoto.

To, mai sayar da abinci 'yar kasuwa ce. Tana da murhu biyu, da jarin da bai taka kara ya karya ba. Idan ta ga shinkafa da soyayyar kaza ke ƙarewa da wuri, tuwon dawa yana kwana, gobe ba za ta tuƙa shi ba. Ba wanda ya hana ta, lissafi ne ya hana ta. Daga nan ɗan gari ma da ya fito neman tuwon dawa da rana ba zai samu ba, sai ya ci abin da ya tarar. Bayan shekara biyar ka tambaye shi, zai ce maka ai shi dama shinkafa ya fi so.

Hanya ta biyu: abin da baƙon ya zaɓa ma sai an sauya masa kama.

Ɗauki fura. Furar da muka sani, 'yar Fulani ce za ta sauke ƙwarya, ta dama maka da ludayi, ka ji gari-garin gero da ƙamshin citta da kanumfari, ga tsamin nono. Yanzu je ka shagunan da baƙi ke tsayawa. An markaɗa ta a na'ura ta yi sumul, an sa yogot maimakon kindirmo, an zuba sukari da yawa, an ɗura a gorar roba an sa a firji. Tana da daɗi, ban ce ba ta da daɗi ba, kuma ta fi sauƙin ɗauka a mota. Amma wani abin sha ne daban yake amsa sunan fura.

Haka miya. Baƙo ya ce warin daddawa ya yi masa yawa, sai a rage, a ƙara dunƙulen magi. Ya ce yaji ya yi yawa, a rage. Masa a daina bari ƙullun ya kwana ya yi tsami sosai, a ƙara sukari da yis don ta tashi da wuri. Man shanu a bar shi, a koma man gyaɗa na gora. Ɗaya bayan ɗaya kowanne ƙaramin abu ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, yaranmu ma a waɗannan shagunan suke saye. Yaron da ya tashi da furar gora, ranar da kakarsa ta dama masa ta ƙwarya, cewa zai yi wannan ba ta yi ba. Kun ga harshensa ya koma na baƙo alhali bai taɓa barin unguwarsu ba.

Hanya ta uku: farashi. A nan zan ɗan daɗe, don acca ta ishe mu misali.

Acca tsohuwar cimar mutanen kudancin Kaduna ce da Filato da wani yanki na Bauchi. Tana da 'yar'uwa, iburu, wadda har sunan da masana kimiyyar tsirrai suka ba ta daga kalmar Hausa aka ɗauko shi. Acca tana yi a ƙasar da masara ba za ta yi ba, kuma wani irinta yana nuna cikin wata biyu ko ƙasa da haka. Shi ya sa ita ce ke ceton gida a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Ana fate da ita, wanda wasu ke kira gwate, da yakuwa da gauta da gyaɗa. Ana tuwo, ana kunu. Da can kallon abincin talaka ake mata, har Turawa suka laƙaba mata sunan shinkafar mayunwata.

Wahalarta ita ce gyara. Ƙwayar ƙanana ce kamar yashi, kuma da yashin take cakuɗewa. Surfe, bakace, wanki, regewa sau da yawa, duk aikin mata ne, kuma aikin yini ne. Sai a shekarun 1990 wani injiniya ɗan Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin ɓare ta.

Yanzu labari ya sha bamban. Masu ciwon suga suna nemanta. Masu gudun alkama suna nemanta. A 2018 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da ita a kasuwanninta. Wani shahararren mai girki ɗan Senegal mazaunin Amurka, Pierre Thiam, ya kafa kamfani yana tallata ta a can. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da dangoginsa, acca na ciki. A nan gida kuma, duk wanda ya zo hutu daga Abuja ko Legas so yake ya koma da mudu biyar ko goma, wankakkiya, a ƙulle a leda.

Sakamakon kowa ya gan shi a kasuwa. Sau da yawa mudun acca ya fi mudun shinkafa tsada. Manomi ya samu kuɗi, wannan abin farin ciki ne, matan da ke gyarawa ma sun samu sana'a. Amma ku bi ni ku ga abin da ke faruwa a cikin gida. Uwa tana da mudu uku na acca. Idan ta sayar, kuɗin zai sayi masara ko taliyar yara da za ta kai su kwanaki fiye da yadda accar za ta kai su. Wace uwa ce ba za ta sayar ba? Sai ya zama accar tana tafiya teburin mai kuɗi a Maitama, 'ya'yan wadda ta rege ta suna cin taliyar leda. Abincin bai ɓace ba, gidan da ake cinsa ne ya canza.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. A ƙasashen Peru da Bolibiya akwai wani hatsi da ake kira kinwa, cimar mutanen tsaunuka. Da duniya ta gano shi, farashinsa ya ninka kusan sau uku tsakanin 2006 da 2013, daga baya kuma ya faɗo da wasu ƙasashe suka shiga nomansa. Habasha kuwa a 2006 hana fitar da hatsinta na tef ta yi, wanda da shi ake gurasarsu ta injera, don kada ya fi ƙarfin ɗan ƙasa. Kuma yawanci haka abin ke farawa. Matafiyi ya ɗanɗana, ya koma gida ya ba da labari, labari ya zama kasuwa.

Hanya ta huɗu, ita ce mai daɗin ji: baƙo yana dawo wa abinci da martabarsa.

Mu faɗa wa juna gaskiya, akwai lokacin da a cikin garin nan idan aka yi baƙo, kunya ake ji a kawo masa fate ko kwaɗon zogale. Sai a ruga a sayo lemon kwalba, a ɗora shinkafa. Zoɓo da kunun aya na 'yan makaranta ne, a ƙulle a leda. Yau fa? Je ka wurin biki a manyan ɗakunan taro, za ka ga zoɓo a kofin gilashi, masa da miyar taushe a jere da soyayyar shinkafa, faten acca a babbar kula, mutane na layi. Me ya canza? Wani daga nesa ya ci ya yaba, sai mu ma idonmu ya buɗe. Abin takaici ne a ce sai na waje ya yaba kafin mu daraja namu, amma dai an daraja ɗin. Akwai 'yan mata a unguwannin nan da suka koma wajen iyayensu mata suna koyon fate da masa saboda suna samun oda ta WhatsApp. Wannan alheri ne, kuma baƙi na da hannu a ciki.

To, amma akwai abin da ya kamata mu riƙe. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi ya yi ta bushe.

Ku dubi Agadas a Jamhuriyar Nijar. A shekarun 1980 garin ya cika da Turawa. Gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar tana bi ta can, ana kwasar baƙi a kai su tsaunukan Ayar da hamadar Tenere. A hanya ana gasa musu gurasar Buzaye a cikin rairayi da garwashi, ana ba su cuku da shayi, a cikin gari kuma har gidan abincin Italiya aka buɗe. Mutane da yawa suka jingina rayuwarsu da hidimar baƙi. Sai tawayen 2007 ya zo, sai sace ma'aikatan Faransa a Arlit a 2010, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ko sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta yi a 2013 bai dawo da su kamar da ba. Wanda sana'arsa ta dogara da bakin Bature ya shiga wani hali. Mai sayar da fura da mai tuwo, da 'yan gari ke saye a wurinsu, suka ci gaba da harkarsu.

Mu ma mun ɗanɗana. Bayan harin da aka kai Kajuru a watan Afrilun 2019, masu zuwa suka ja baya. Bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, jirgin ya tsaya har zuwa Disambar shekarar. Duk mai gasa kifi ko mai kilishi ko mai masaukin baƙi da ya saba da cinikin ƙarshen mako ya san yadda watannin nan suka kasance. Wanda ya riƙe kwastomominsa na unguwa shi ya fi samun sauƙi.

Kar kuma mu ɗora wa baƙo laifin da ba nasa ba. Tsadar gas da gawayi ta sa mutane gudun girkin da ke daɗewa a wuta. Uwa tana fita aiki, uba yana fita, babu mai zaman surfe. Talla a talabijin da waya tana aikinta a kan yara. Gonakin da ke kewaye da Romi da Gonin Gora da Sabon Tasha da yawa sun zama filotai, ganyen da ake tsinkowa kyauta a bayan gida yanzu sai an saya. Duk waɗannan sun fi baƙo ƙarfi. Abin da baƙo ke yi shi ne, yana nuna wa kasuwa inda za ta karkata, kuma yana gaya mana, ko bai buɗe baki ba, wane abincinmu ne abin alfahari, wane ne abin ɓoyewa. Mu kuma muna saurin yarda da shi.

To mene ne abin yi? Ni dai ga abin da nake gani.

Ke mai sayar da abinci, mama, ki yi wa baƙo abin da yake so, kuɗinsa halal ne. Amma kar ki sauke tukunyar 'yan gari. Ko sau biyu a mako ne, a san cewa ranar kaza akwai tuwon dawa da karkashi a wurinki. Kuma idan baƙo ya ce yaji ya yi yawa, ki ajiye masa yajin a gefe, kar ki sauya miyar gaba ɗaya saboda mutum ɗaya da zai hau mota gobe. Ki gaya masa sunan abincin da harshenku, ki gaya masa abin da ke ciki. Da yawansu abin da suka zo nema ke nan. Wanda ya baro Abuja ai bai rasa soyayyar shinkafa a can ba.

Ku masu kai mutane yawo Kajuru da Kagoro da Matsirga, ƙannena, yawanci da kuloli ake tafiya, an cika su da abincin gari tun daga Kaduna ko Abuja. A je a ci a dawo, mutanen ƙauyen ba su ga ko sisi ba sai robobin da aka zubar. Me zai hana ku yi magana da matan wurin tun kafin ranar, su dafa fate ko doya da miyar gargajiya, ku sa kuɗin a cikin kuɗin tafiya? Baƙonku ya ci abin da bai taɓa ci ba, kuɗi ya zauna a garin.

Ku manoma da masu gyaran acca, ku sayar, Allah ya sa albarka. Amma a ware na gida tukuna kafin a auna na kasuwa, kamar yadda iyayenmu ke ware iri.

Mu kuma iyaye, namu ya fi na kowa. Harshen yaro a gida ake gina shi. Abin da ya saba ci yana ƙarami shi zai nema yana da shekara 40, ko yana Landan. Idan bai taɓa jin ɗanɗanon daddawar kalwa ta gaske ba, ba zai yi kewarta ba, kuma abin da ba a kewarsa ba mai sayensa, abin da ba mai sayensa ba mai nomansa. Ko sau ɗaya a mako, a dafa abin da kaka ke dafawa, yadda take dafawa, a sa yaran su tsaya a wurin, maza da mata. In kakar tana raye, a tambaye ta yanzu. Irin waɗannan girke-girke ba a rubuce suke ba, a hannun tsofaffi suke, kuma tsofaffin tafiya suke yi.

Baƙonka annabinka, haka aka koya mana, kuma ba mu fasa ba. A karɓe shi, a ba shi mafi kyawun abin da ke gidan. Sai dai shi kwana biyu zai yi. Mu da za mu ci daga tukunyar nan har ƙarshen rayuwa, mu ya kamata mu faɗi abin da za a zuba a cikinta.

A nan za mu dakata. Ina so in ji daga gare ku: wane abinci ne kuka tashi kuna ci a gidanku wanda yanzu kun manta rabon da ku gan shi? Ku faɗi sunansa da harshenku, da garinku, in da hali har da yadda ake yinsa, don wani ya karanta ya gwada. Wanda ya ga rubutun nan ya amfane shi, ya tura wa ɗan'uwansa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.